Ragon da Ba Ma Yankawa: Martani ga Malam Mai Wa'azi

Allah gafarta Malam, wa'azin da ka yi a kanmu bayan Sallar Layya ya zaga Damargu fiye da yadda kake zato. Ya bi wayoyin samari daga Tanut zuwa Belbeji, ya kai har bakin rijiyoyin Tenhiya, inda makiyaya ke sauraronsa suna jiran layin ban ruwa. Mu Kiristocin wannan yanki 'yan kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar duka ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, a arewacin Damagaram kuwa sai mutum ya yi tafiyar yini bai ga majami'a ba. Yawancin waɗanda suka saurare ka ba su taɓa zama da Kirista ya faɗa musu abin da ya gaskata ba, don haka abin da ka faɗa shi ne iyakar saninsu da mu. Ba zan kama sunanka ba, domin maganganun ba kai ka fara su ba. Ba kuma roƙo nake ka karɓi bangaskiyarmu ba. Idan za ka ƙi ta, ka ƙi ainihin abin da muke faɗi, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ka fara da cewa mun watsar da tafarkin Annabi Ibrahim, shi ya sa ba ma yanka rago, har ka sa mutane dariya da cewa rowa ce muka lulluɓe da addini. Labarin Ibrahim yana cikin Littafin Farawa, sura 22, kuma yaranmu suna koyonsa tun a makarantar Lahadi. Mu muna cewa Ishaku ne aka kai dutsen, yawancin malamanku suna cewa Isma'ila ne. Bar wannan a gefe, ka dubi inda muka haɗu: ragon da aka yanka bai fito daga garken Ibrahim ba. Allah ne ya tanada shi, yaro ya sauka da ransa domin wani abu ya mutu a madadinsa. Suratus Saffat ma ta danganta fansar yaron ga Allah. A nan karatunmu ya tsaya ya yi nisa. Attaura, a Littafin Firistoci sura 16, ta kafa Ranar Kafara: sau ɗaya a shekara babban firist ya kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya, ɗayan kuma a furta laifofin jama'a a kansa a kore shi jeji. Marubucin wasiƙa ga Ibraniyawa, a sura 10, ya kafa hujja da maimaicin kansa. Da jinin dabba yana kawar da zunubi, da an yi sau ɗaya an huta. Dawowar da ake yi kowace shekara shaida ce cewa aikin bai ƙare ba. Mu mun gaskata ya ƙare a kan Yesu Almasihu, sau ɗaya tak. Wanda ya gaskata haka, in ya sake ɗaukar wuƙa da niyyar neman kafara, ya ƙaryata kansa.

Yanka kam muna yi. Muna yanka a Kirsimeti, da suna, da aure, mu raba wa maƙwabta, sai dai nama ne na murna. In an kawo mana na layya ma, a gidanmu hannu biyu muke sawa mu karɓa, mu yi godiya. Na kuma san layya a wurinku ba sayen gafara ba ce, tunda Suratul Hajji ta bayyana cewa nama da jini ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. Ban taɓa ce wa ɗana Musulmi suna sayen Aljanna da rago ba. Adalcin da na yi maka ke nan, irinsa nake nema.

Zarginka na biyu shi ne mai nauyi, ba zan yi masa gaggawa ba. Ka ce zalunci ne a kama marar laifi a hukunta shi saboda mai laifi, ka kawo ayar Suratul An'am da ke nuna babu mai ɗaukar nauyin wani, ka ce ko alƙalin ƙauye ba zai yanke irin wannan hukunci ba. Malam, wannan ƙa'ida tana cikin littafinmu. Annabi Ezekiyel, a sura 18, ya yi dogon bayani cewa ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ma ba zai ɗauki na ɗa ba. Da koyarwarmu ita ce Allah ya fusata, ya waiwaya ya ga wani bawansa na kirki, ya finciko shi ya yanka don ya huce, da ni ma na tsaya a bayanka na ce zalunci ne. Abu biyu ne ka tsallake. Na farko, ba kama shi aka yi da ƙarfi ba. A Linjilar Yahaya sura 10, Yesu ya nuna cewa shi ne ke ba da ransa da yardar kansa, ba mai ƙwace shi. Na biyu, kuma nan ne tushen, mu ba mu ɗauke shi wani na uku da ya shigo tsakanin Allah da mutum ba. Mun gaskata Kalmar Allah ne da ya zama mutum. Saboda haka a fahimtarmu, wanda aka yi wa laifin shi ne ya ɗauki asarar. Na san ba ka yarda da wannan matsayi na Almasihu ba, kuma haƙƙinka ne. Amma ka ga gardamarmu ta koma kan ko wane ne shi. Ba daidai ba ne ka cire wannan ginshiƙi daga koyarwarmu, sannan ka nuna wa jama'a ginin ya rushe.

Batun wani ya biya wa wani kuwa ba baƙo ba ne a shari'ar da kake karantarwa. Risalar Ibn Abi Zaid ɗan Ƙairawan, wadda almajiranka ke biyawa a zaure, ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin mai kisan na wajen uba: raƙuma ɗari ga masu raƙuma, dinari dubu ga masu zinariya, a biya cikin shekara uku. Mutanen da ba su taɓa ganin mamacin ba suna fitar da dukiyarsu saboda ɗan'uwansu, ba wanda ya kira wannan zalunci, zumunci ake ce masa. Za ka ce wannan dukiya ce, kuma a kan kuskure, zunubin ganganci yana nan a wuyan mai shi. Gaskiya ne, ban ce abu ɗaya ba ne. Abin da nake nunawa shi ne, hankalin ɗan Adam bai taɓa ƙin yarda cewa wanda ya haɗa jini da kai zai iya tsaya maka ba. Shi ya sa littafinmu ya nace cewa Mai Ceto sai da ya ɗauki jiki da jini irin namu, ya zama dangi, kafin ya biya.

Sai ka yi tambayar da ta fi burge masu sauraro: Allah mai iko duka, me zai hana ya ce na yafe kawai, ba jini ba gicciye? Kai ɗan Damargu ne, ka san shari'ar ɓarna. Shanu sun shiga gonar mutum da dare gab da girbi, sun cinye rabin geronsa. Aka je gaban mai gari, makiyayin ba shi da abin biya, manomi ya ce na yafe. Jama'a suka watse suna sa masa albarka. To geron ya dawo? Bai dawo ba. Manomin ne zai ga rumbunsa ya ƙare kafin bazara, shi zai ci bashi, shi zai rage wa iyalinsa tuwo. Yafewar ta fita daga bakinsa kyauta, amma ya biya ta da cikinsa. Duk gafarar gaske haka take, akwai wanda ya haɗiye asarar. Abin da muke faɗi game da gicciye shi ne, a can aka ga abin da gafara ta ci wa Allah. Da ya kau da kai kawai kamar ba a yi kome ba, me za a ce wa wanda aka zalunta, marainiyar da aka cinye wa gado, ko wanda aka kashe wa ɗa a hanya? A wasiƙa ga Romawa sura 3, Manzo Bulus ya ce manufar ita ce Allah ya tabbata mai adalci, kuma mai kuɓutar da mai laifi, duka biyun a lokaci ɗaya. Malaman ikilisiya sun bi hanyoyi daban-daban wajen bayyana wannan. Anselm na Kantabari, wajen 1098, ya yi bayaninsa da harshen bashi da biya. Ikilisiyoyin Gabas sun fi ƙarfafa cewa mutuwa aka shiga aka karya daga ciki. Babu ɗayansu da ya koyar da Allah mai ƙishirwar jini, irin wanda ka zana wa mutane.

Daga nan ka shiga inda ka fi daɗewa, ka ce addinin da ke cewa ceto ta wurin alheri ne kaɗai lasisin sheƙe aya ne: a sha giya, a yi zina, a ci amana, ranar Lahadi a je a yi waƙa, an riga an biya. Wannan zargi ya girme mu duka. Tun Bulus yana raye aka jefe shi da shi, kuma ya amsa a Romawa sura 6, inda ya kawo tambayar da kansa, ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya kore ta da kakkausar murya. Hujjarsa ita ce wanda aka yi wa baftisma an binne tsohon halinsa, ba a komawa kabari a tono shi. A Afisawa sura 2, wurin da aka fi kafa hujja da shi cewa ceto baiwa ce ba ladan aiki ba, aya ta gaba nan take ta ce an halicce mu ne domin kyawawan ayyuka. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta kira bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya. Ka dubi Zakka mai karɓar haraji a Luka sura 19. Yesu ya sauka a gidansa tun bai gyara kome ba, mutanen gari suna gunaguni. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Jerin ke nan a wurinmu: karɓa ce ke zuwa da fari, gyara ya biyo baya, in kuwa gyaran bai biyo ba, muna shakkar an karɓi wani abu tun farko. A majami'unmu na Hausa, wanda aka kama da zina ko cin kuɗin jama'a ana sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi Jibin Ubangiji, a sauke shi daga duk wani muƙami, sai ya tuba a gaban ikilisiya. Tambayi kowane dattijon majami'a a Zinder ko Maraɗi.

Ba na musun cewa akwai masu sunan Kirista da ke rayuwa daidai yadda ka siffanta. Akwai su, kamar yadda akwai mai fitowa daga sahun gaba ya je ya tauye mudu. Namu malaman sun riga ka yi musu faɗa. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitila ta rataye a 1945, ya rubuta littafi a 1937 yana yaƙar alheri mai araha, wato gafarar da ba ta neman tuba. Akwai kuma wata cuta da ta fi wannan damuna, masu wa'azin talabijin da ke cewa ka shuka iri da kuɗi Allah ya buɗe maka. Waɗannan sun mayar da alheri haja. A kan irin wannan ciniki ne Martin Luther ya tayar da ƙura a 1517, lokacin da ake sayar da takardun sassauci a Jamus, kuma tun a Ayyukan Manzanni sura 8 Bitrus ya tsawata wa mai sihirin da ya kawo kuɗi zai sayi baiwar Allah. In kana neman abin suka a cikinmu, ga shi nan, zan taya ka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma Malam, kafin ka yi wa kalmar alheri dariya, ka tuna akwai hadisi a Bukhari da Muslim mai nuna cewa aikin mutum shi kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Ba na cewa koyarwarmu ɗaya. Amma tsoron kada mutum ya tsaya gaban Mahalicci yana taƙama da ayyukansa, wannan mun sha shi a ƙwarya guda.

Ka ce duk wannan ƙirƙirar Bulus ce, Turawa suka ɗauko suka kawo mana. Na Bulus mai sauƙi ne. Sura 53 ta Annabi Ishaya, mai maganar bawan da aka soke saboda laifin wasu, tana cikin naɗaɗɗen littafin da aka gano a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, kuma masana sun kai shekarun rubutunsa fiye da ƙarni guda kafin haihuwar Almasihu. Markus sura 10 ta kawo Yesu da bakinsa yana kiran ransa fansa saboda mutane da yawa. Bulus kansa, a wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa sura 15, ya ce karɓar wannan koyarwa ya yi daga waɗanda suka riga shi.

Na Turawa kuwa, tarihi ya yi maka gardama. Mutumin da ya fi kowa kare koyarwar alheri bayan manzanni ɗan Afirka ne, Ogastin, wanda aka haifa a 354 a garin da yau ake kira Suk Aharas a Aljeriya, ya yi limancin Hippo, wato Annaba ta yanzu. Abokin gardamarsa, Felajiyus, mai cewa mutum zai iya da ƙoƙarin kansa, shi ne ɗan tsibirin Birtaniya, kuma a Kartaj ta ƙasar Tunisiya aka yi taron 418 da ya ƙi ra'ayinsa. Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na huɗu, shi ya sa sahabban da suka yi hijirar farko suka tarar da Najjashi Kirista. Ko shigar Linjila cikin Hausa, da bakin ɗan ƙasar nan aka yi ta. A Janairun 1851 Turawa matafiya uku, Barth da Overweg da Richardson, suka rabu a Tagelel, nan cikin Damargu. Overweg ne daga baya ya 'yanta wani yaro bawa ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, Barth ya tafi da shi Turai a 1855, kuma da Hausar yaron ne wani mai fassara, Schön, ya yi aiki a shekarun da ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. I, 'yan mishan na SIM da suka sauka Zinder a 1924 fararen fata ne, kuma a zamanin mulkin Faransa suka zo. Wannan ba ya sa saƙon ya zama nasu, kamar yadda zuwan Musulunci ta hannun fatake da malaman Wangarawa bai sa ya zama kayan Mali ba.

Cewa da hatsi da magani ake sayenmu, lissafi ya isa amsa. Asibitin mishan na Galmi yana aiki tun 1950, mafi yawan masu zuwa Musulmi ne, su warke su koma gida da addininsu. An yi yunwar 1973, aka yi ta 1984, aka yi ta 2005, duk Damargu ta ɗanɗana, ƙungiyoyin agaji na Kirista sun raba abinci. Da buhu yana sayen imani, da yau Tarka da Tenhiya sun cika da majami'u. Wanda ya bi Almasihu a ƙauyukan nan, abin da ya fi samu shi ne dangi su juya masa baya, a hana shi mata, wani lokaci a raba shi da 'ya'yansa.

Akwai wuri ɗaya da ba zan ce ka yi mana ƙage ba. Ka ce ba a gicciye shi ba, ka kafa hujja da Suratun Nisa'i aya ta 157. Mu mun ce an gicciye shi a zamanin gwamna Bilatus, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Linjila huɗu sun faɗa, Tasitus marubucin tarihin Roma, wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, shi ma ya rubuta cewa an kashe shi a hannun Bilatus a mulkin Tibariyas. Kai kana da littafinka, ni ina da nawa, kuma babu dabarar da za ta haɗa maganganun biyu. Wannan saɓani ne na gaske, gara mu faɗe shi a fili da mu yi ta shafa wa juna mai a baki.

Abu na ƙarshe da ka faɗa shi ne ya fi yi mini zafi. Ka ce yawan maganar gafara da muke yi tsoro ne na marasa rinjaye, da muna da ƙarfi da ba haka ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, wanda babu Kiristan Nijar da ya zana ko ya yaba, aka ƙona majami'u da gidajen Kiristoci a Zinder. Washegari aka yi a Yamai. Mutum goma suka mutu a kwana biyun, ɗaruruwan Kiristocin Zinder suka kwana a barikin soja. Tsoro kam an ji shi, wanda ya ce bai ji ba ƙarya yake. Amma da shugabannin ikilisiya suka fito suka ce an yafe, daga Matiyu sura 18 suka ɗauko, labarin bawan da sarki ya yafe wa bashin da ba zai iya biya ba har abada, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan 'yan kuɗi kaɗan, aka dawo da shi aka hukunta. Wanda ya ce da alheri aka cece shi, an ɗaure masa hannu, ba shi da izinin ramuwa ko yana da rinjaye. Tarihi ya nuna Kiristoci masu ƙarfi sun sha take wannan, kuma littafin da ke hannunsu shi ne mai shaida a kansu. Yafewar ba ta hana mu neman hukuma ta yi aikinta ba, domin Romawa sura 13 ta ba mai mulki hukuncin mai laifi. Kuma a waɗannan kwanaki biyu akwai Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci har ƙura ta lafa. Wasunsu, Malam, suna cikin masu sauraron wa'azinka, kuma su ma sun ji abin da ka ce game da mutanen da suka ɓoye.